Sauya filafilin jirgin shaƙatawa a Jidda ba tare da aljihu ya ji jiki ba

Tambaya daga wani mai karatu a Jidda: "Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da ni da abokina muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgin ruwa mai filafili, ƙirar Faransa, tsawonsa ƙafa 28, yana ɗaure a Ubhur. Mu ba tsere muke yi ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ko Asabar muke fita da yara, mu sha iska, mu dawo kafin magariba. Filafilan biyu duk sun tsufa, na gaban ma ya yage a gefe har sau biyu. Da muka tambayi kuɗin sababbi, sai muka ji ya kusa rabin abin da muka sayi jirgin kansa. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa jirgin albarka, ya tsare ku da yaran a kan ruwa.

In na fahimce ka, ɗan'uwa, tambaya biyu ce ka dunƙule wuri guda. Ta farko: shin dole ne a sauya filafilan nan duka biyu yanzu? Ta biyu: in ya zama dole, ina ake samun mai rangwame wanda ba zai ba ka kunya a tsakiyar ruwa ba? Ni a Bur Sudan aka haife ni, a shagon mahaifina na koyi ɗinkin tanti da rumfar jirgi, na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai masu nutso Sanganeb, kafin na dawo Jidda na ci gaba da gyaran filafili, wanda mutanen bakin teku a nan ke kira shira'i. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, a Bahar Maliya ba iska ce ke kashe filafili ba, rana ce. Wanda ya gane wannan zai san inda zai matse kuɗinsa da inda zai saki hannu.

Fara da duba wanda ke hannunka

Kafin ka nemi kowa, ku sauke filafilan biyu ku shimfiɗa su a wuri mai tsabta. Kusan duk filafilin jirgin shaƙatawa da yadin da ake kira Dacron ake yin sa, wato zaren roba na foliyesta. A Ingila aka ƙirƙiro wannan zare a 1941, kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi kasuwa da sunan Dacron, kuma tun cikin shekarun 1950 ya kori auduga daga wannan sana'a. Kafin nan, filafili mai daraja da audugar Masar mai dogon zare ake saƙa shi, irin wadda kakanninmu da yawa suka tsinta a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Dacron ya fi auduga ta kowace fuska: ba ya ruɓewa don ya jiƙe, ba ya miƙewa sosai. Babban rauninsa shi ne, hasken rana yana cin ƙarfin zarensa a hankali har ya zama kamar tsohuwar takarda.

Gwajin ba shi da wuya. Ka sa farcen babban yatsanka ka karce layin ɗinki da ɗan ƙarfi. In zaren ya tsinke ko ya zama gari, ɗinkin ya mutu. Sai ka koma kan yadin kansa, musamman gefen baya da ke shan rana: ka soka allura mai kauri, ka ja ta gefe. Yadi mai rai zai riƙe allurar. Wanda ya ƙone zai tsage ya bi ta. Wannan bambancin shi ne kuɗinka. In zare ne kawai ya mutu, yadin na nan da ƙarfinsa, tela mai keken ɗinki na zigzag zai sake bin layukan, ka ƙara shekaru a kan kuɗi kaɗan. In yadin ne ya ƙone, kada ka ƙara ko riyal ɗaya a kansa, domin duk facin da aka ɗora, gefen facin ne zai yage gobe.

Ka ce na gaban ya yage a gefe sau biyu. Ina kyautata zaton na'urar naɗewa gare ku, wadda ke nannaɗe filafilin a jikin wayar gaba, kuma shafin kariya da ake ɗinkawa a gefen baya da gindinsa ya daɗe da lalacewa. Idan aka naɗe irin wannan filafili, gefen nan kaɗai ke zama a waje, shi ke shan ranar Ubhur kwana bakwai a mako, alhali ku awa uku ko huɗu kuke amfani da shi. Sau da yawa nakan tarar cikin filafilin lafiya lau, gefen kawai ya ƙone. A irin haka ana yanke tsawon tafin hannu biyu ko uku daga gefen, a sake kalmasa, a ɗora sabon shafin kariya. Filafilin zai ɗan ragu, kuma kamar yadda zan faɗa nan gaba, raguwar ma alheri ce a ruwanmu.

Akwai tsufa na biyu wanda allura ba ta nuna shi, sai an fita ruwa. Filafili ba shimfiɗaɗɗen ƙyalle ba ne, yana da ciki, kamar fiffiken tsuntsu. A sabo, wurin da cikin ya fi zurfi yana gaban tsakiya, wajen kashi 40 cikin 100 daga gefen gaba. Yadin na tsufa, cikin na ƙara zurfi yana komawa baya. Alamarsa ita ce jirgi ya riƙa kishingiɗa fiye da da, sandar tuƙi ta yi nauyi a hannu, jirgin yana ta neman juya hancinsa cikin iska, kuma ya ƙi hawa iska, wato tafiya yana fuskantar inda take fitowa, yadda ya kamata. Mai tsere ba ya jure wannan ko na wata guda. Kai da ke fita shan iska za ka iya zama da shi shekara biyu ko uku, in dai yadin bai ƙone ba. Sai dai ina da sharaɗi ɗaya. Gaɓarmu cike take da duwatsun murjani, kuma in inji ya mutu maka kusa da su iska tana tura ka, filafilin ne zai fitar da kai. Wanda ba ya iya hawa iska a wannan lokacin ba shi da amfani. Ku gwada a fili, nesa da duwatsu: in jirgin yana iya ci gaba sosai yana fuskantar iska, yana juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ba gardama, to babban filafilin zai iya jira.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce kada ku sayi biyu a lokaci guda. Ku fara da wanda ya fi lalacewa, ɗayan a yi masa gyara ya kai ku baɗi.

Abin da ke sa shi tsada, da abin da ba ka bukata

Kuɗin filafili yana tafiya ne a wuri uku: yadi, aikin hannu, da hidimar wanda zai zo jirginka ya auna, ya dawo ya ɗaura, ya gyara in an samu kuskure. Manyan shagunan suna da kyau, ban raina su ba, amma kaso mai yawa na kuɗinsu na wannan hidima ne da kuma suna. Mutane da yawa ba su san cewa manyan kamfanonin ma ba a Turai suke ɗinka yawancin kayansu ba. North Sails na da babbar masana'anta a Siri Lanka, Hyde na ɗinki a Cebu ta ƙasar Filifin, Ullman na da tasa a Cape Town. Yadin kuwa daga 'yan masana'antu ƙalilan kowa ke sayowa: Dimension-Polyant ta Jamus, Contender ta Holan, Challenge ta Amurka, da Bainbridge. Ke nan filafilin da aka ɗinka a Asiya ba lallai ya zama na banza ba. Abin tambaya shi ne wane yadi aka sa, da wane zare.

Tun da aka yi gasar share fage ta Kofin Amurka, babban tseren jiragen filafili, a ruwan Jidda a ƙarshen 2023, na ga matasa sun fara sha'awar filafilan nan baƙaƙe masu sheƙi. Waɗannan ba saƙa ba ne zalla, ledoji ne da zaruruwan kabon ko Kevlar da aka manne da gam. Suna riƙe siffarsu fiye da Dacron nesa ba kusa ba, amma zafi da laima suna ɓamɓare gam ɗin, fumfuna tana shiga tsakanin ledojin, Kevlar kuma ba ya shiri da rana. Ga tsada. Jirgin da ke kwana a Ubhur cikin zafin watan Agusta ba ya bukatarsu. Abin da za ka nema shi ne Dacron fari, yanka na kwance, wato ƙyallayen suna tafiya daga gefen gaba zuwa na baya a jere. Shi ne mafi araha, shi ne mafi sauƙin gyara, kowane tela mai hankali zai iya yi masa faci.

Nauyin yadi da oza ake faɗarsa, amma ba a kan yadi na kasuwa ba. Ma'aunin masu filafili inci 36 ne a inci 28 da rabi, don haka oza ɗaya tana daidai da kusan giram 43 a kowace murabba'in mita. Jirgi mai ƙafa 28 nakan sa masa oza 6 da rabi zuwa 7, wato wajen giram 280 zuwa 300. In wani ya ba ka farashi mai sauƙi ƙwarai, duba nan da farko, domin ta nan ake rage kuɗi: a sa yadi mara nauyi, ko mai sakwarkwatacciyar saƙa da aka cika da sitaci na roba don ya yi ƙauri a hannu. Shekara ɗaya sitacin zai karye ya bar ka da buhu. Ka nemi a rubuta maka sunan masana'antar yadin da sunan samfurinsa a takardar farashi. Wanda ya ƙi rubutawa, ka bar shi.

Sai girma. A rabin arewa na Bahar Maliya, inda Jidda take, iskar arewa da arewa maso yamma ce ke busawa kusan duk shekara, kuma da rana ta take sai iskar teku ta ƙaru a kai. Lokacin da kuke fita, bayan la'asar, lokacin ƙarfinta ne. Ƙarfin da iska ke dannawa a filafili ba ya tafiya daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, dannawar ninki huɗu take yi. Jiragen Turai da yawa suna zuwa da ƙaton filafilin gaba, jenowa mai kashi 140 ko 150 (wato faɗinsa in an gwada shi da tazarar da ke tsakanin hancin jirgi da jigo, doguwar sandar da ke riƙe filafili), wanda aka yi domin wuraren da iska ke da rauni. A nan rabin lokaci a naɗe za ka riƙe shi, kuma filafilin da aka naɗe rabi ba ya da siffa mai kyau. Ka nemi mai kashi 105 zuwa 115. Yadinsa ya fi kaɗan, kuɗinsa ya fi sauƙi, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya jan igiyarsa, kuma kana ganin gabanka ta ƙarƙashinsa, abin da ke da muhimmanci a bakin Ubhur ranar hutu da masu babur ɗin ruwa suka cika wurin. Babban filafilin kuma a yi masa layin ragewa biyu, wato inda ake ɗaure shi a rage girmansa in iska ta yi ƙarfi.

Hanyoyin samu

Ta farko ita ce gwanjo. Ka ɗan leƙa Haraj a intanet, ka kuma tambayi masu gadin marina da masu gyaran jirage, domin wani lokaci akan samu jirgin da ya lalace amma filafilansa na ajiye a sito. Sai dai jiragen filafili ba su da yawa a ƙasar nan, dacewa da girman naka sai an yi sa'a. Kasuwar gaske tana waje. A Amurka akwai shagunan da suka shahara da wannan sana'a, irin su Bacon Sails a Annapolis da Minney's a Kalifoniya, suna jera filafilai da awon gefunansu uku, nauyin yadi, da darajar lafiyarsu. A Ingila da Faransa ma akwai irinsu. Nan ga wata dabara da nake ba kowa: ka duba daga ina filafilin ya fito. Wanda ya yi shekara goma a manyan tafkunan Amurka ko a tekun Baltik, inda jirgi ke ruwa wata biyar ko shida kawai sannan a naɗe komai a kai ɗaki, ya fi lafiya a kan wanda ya yi shekara huɗu a jiragen haya na Girka ko Turkiyya. Na hayar nan suna da araha, suna kusa da mu, amma rana ta riga ta sha rabonta a jikinsu, kuma hannu ɗari ya ja su.

A gwanjo ba sai ka samu na irin jirginka sak ba, awo ake bi. Wanda ya ɗan fi girma ana iya rage shi, wanda ya gaza ba a ƙara shi. Amma ka lissafa kuɗin gyara tun kafin ka biya. Sauya 'yan maɓallan da ke zamewa a cikin jigo aiki ne ƙarami. Mayar da filafili mai ƙugiyoyi ya zama na na'urar naɗewa, da ɗinka masa igiyar gefe da shafin kariya, wannan zai iya cinye duk rangwamen da ka samu. Ƙa'idar da nake bi a shagona ita ce, in kuɗin gwanjo da na jigila da na gyara sun haura rabin kuɗin sabo, sabon nake ba mutum shawara.

Na taɓa sayo wa wani bawan Allah babban filafili daga wani dillali a waje. Na duba gefen gaba da gindi, duk sun yi daidai, ban tsaya kan tsawon gefen baya ba. Da muka ɗaga shi sai sandar ƙasa, wadda gindin filafilin ke ɗaure a kanta, ta sauko har daidai kan mutumin da ke zaune, kuma yana fita da 'ya'yansa ƙanana. Dole na yanke gindin na sake gina kusurwar baya gaba ɗaya, kwana uku ina kai. Tun ranar ban ƙara sayen filafili ba sai na ga awo uku a rubuce, kuma na auna na tsohon da hannuna.

Hanya ta biyu, wadda nake ganin ta fi dacewa da ku, ita ce sabo daga shagunan da ke karɓar oda daga nesa. Rolly Tasker a Phuket ta ƙasar Tailan, wanda wani gwanin tuƙi ɗan Ostareliya ya kafa, da Lee Sails a Hong Kong, sun daɗe suna aika wa matafiya filafili ko'ina a duniya. A Turkiyya kuma, Marmaris da Bodrum cike suke da shagunan ɗinki, ga kusanci. Rangwamen yana zuwa ne domin kai za ka yi aikin awo, kuma kuskuren awo a wuyanka yake. Ka aika wa uku ko huɗu bayani iri ɗaya, kalma da kalma, don ka iya gwada farashinsu da gaskiya. Shagunan Turai da Amurka sukan yi ragi a ƙarshen kaka da lokacin sanyinsu, sa'ad da aiki ya ja baya, yana da kyau ka tambaye su ma a watan Oktoba ko Nuwamba.

Kada farashin da ka gani a allo ya ruɗe ka, ka kawo shi har ƙofar gida a lissafi. Mu ɗauka an ce maka dala 1,000, jigila dala 200. Harajin dariba, wato VAT, a Saudiyya kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma a kan jimlar ake ɗora shi har da kuɗin jigila, wato dala 180. Ya zama 1,380. A kan riyal 3.75 kowace dala, riyal 5,175 ke nan, ban da kuɗin kwastam da na kamfanin da ya fito da kayan. Wannan lambar ita za ka ajiye kusa da farashin wanda zai zo jirginka ya auna da kansa. Wani lokaci tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Filafilin jirgi irin naku in an ninke shi bai kai kilo 23 na jakar jirgin sama ba, don haka ɗan'uwa mai dawowa daga Istanbul zai iya riƙo shi, da rasit a hannu ya nuna wa kwastam. Sandunan da ake zurawa a gefen baya don su miƙar da shi, su ne ke sa kunshi ya yi tsawo jigila ta yi tsada. In naku na da lafiya, ku ce a ɗinka aljihunan daidai da su, ku ci gaba da amfani da tsofaffin. 'Yan'uwa da ke Bur Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aike ya yi wuya, wanda na fi gani yana aiki shi ne a karɓi kaya a Jidda a bi da shi ta jirgin Sawakin.

Hanya ta uku ita ce ɗinkawa a gida, kuma na san za ka yi tunaninta, domin Jidda ba ta rasa gwanayen masu ɗinkin tanti da rumfa ba. Ina girmama su, a cikinsu na tashi. A Sawakin na ga masunta suna tuƙa huri, ɗan kwale-kwalensu, da filafilin da aka harhaɗa da buhuna, yana kai su yana dawo da su, domin yawanci iska na bayansu ko gefensu. Jirginka ba haka aka gina shi ba. Cikin filafilinsa a layukan ɗinki yake ɓoye: kowane ƙyalle ana yanka gefensa da ɗan lanƙwasa na milimita kaɗan, in an haɗa su sai cikin ya fito. Tela, kome gwanintarsa, in ya kwafi tsohon filafili a ƙasa, tsufan zai kwafo. Tsaka-tsakin da ke aiki shi ne kamfani irin Sailrite na Amurka, da ke yanko ƙyallayen da kwamfuta, ya sa musu lamba da layin haɗi, kai da telanka ku ɗinka. Ana samun ragi, amma sai da keke mai zigzag da zai iya huda ninki takwas ko goma a kusurwa, da fili mai faɗi, da haƙuri. Ga mutum mai aikin ofis da iyali, ban cika ba da wannan shawara ba. Telan gida ka ba shi aikin da ya fi kowa iyawa: riga ta rufe filafili, jaka, shafin kariya, da bin ɗinki.

Awo

A nan ake cin riba, a nan ake asara. Masu sana'ar suna amfani da haruffa huɗu. I shi ne tsayi daga bene zuwa inda wayar gaba ta haɗu da jigo. J daga gaban jigo zuwa inda wayar ta sauka a hancin jirgi. P tsawon da babban filafili ke hawa a jikin jigo, E kuma tsawonsa a kan sandar ƙasa. In P mita 9 ne, E mita 3, faɗin filafilin kusan 9 sau 3 raba biyu ne, murabba'in mita 13 da rabi, da ɗan ƙari saboda lanƙwasar gefen baya. Za ka samu waɗannan lambobi na irin jirginka a intanet, amma kada ka yi oda da su. Jirgin da ya shekara talatin ko arba'in ya wuce ta hannun mutane da yawa, wataƙila an sauya jigo, ko an ɗaga sandar ƙasa, ko an ƙara na'urar naɗewa wadda ta rage tsawon gefen gaba.

Ku zaɓi safiya da iska ba ta tashi ba. Ku ɗaure bakin tef ɗin awo mai tsawo a igiyar ɗagawa, tare da wata siririyar igiya da za ku jawo ta ƙasa in ta maƙale, ku ja har ƙarshe, ku karanta a inda kusurwar ƙasa ke ɗauruwa. Ku faɗa wa mai ɗinki cewa wannan shi ne iyakar tsawo, shi zai rage abin da yadi zai miƙe. Kada ku auna tsohon filafili ku aika a matsayin awo, ya riga ya miƙe. Ku auna faɗin ramin da ke jikin jigo da na na'urar naɗewa da ma'aunin milimita, domin igiyar gefe mai milimita 5 da mai 6 a ido ɗaya suke, amma ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. In da hali ku cire maɓalli ɗaya daga tsohon ku aika da shi, ko hotonsa a kan rula. Ku lura da gefen da ke zama a waje in an naɗe filafilin gaba, dama ko hagu, don a nan za a ɗinka shafin kariya. Na ga wanda aka ɗinka masa a gefen ciki, bai lura ba sai da rana ta cinye filafilin cikin shekara biyu. Ku auna komai sau biyu, kai sau ɗaya, abokinka sau ɗaya, kowa ya rubuta nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba.

Inda ba a tsumulmula

Na ce ka matse a yadi na tsere, da girma, da suna. Wuri biyu ne nake roƙonka ka saki hannu. Na farko shafin kariya da rigar babban filafili: a yi su da yadin akirilik irin Sunbrella, ba siririn Dacron mai fenti ba, wanda ya fi sauƙi amma ba ya daɗewa a ranarmu. Na biyu zaren da za a ɗinka waɗannan da shi. Zaren foliyesta na yau da kullum yakan mutu tun yadin na da sauran rai, sai ka ga shafin yana ɓallewa. Akwai zare irin Tenara wanda rana ba ta cin sa. Yana da tsada, yana da santsi a keke, teloli ba sa son sa, amma ɗinki ɗaya ne har yadin ya ƙare. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu, kuma a wannan wuri biyu na ga gaskiyar maganar da idona.

Sauran kuwa ɗabi'a ce. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, kuma Jidda ba ta samun ruwan saman da zai wanke shi. Gishiri in ya bushe a yadi yana zama kamar yashi yana goge zare, yana kuma jawo laima, ƙura ta zo ta manne. Ku riƙa watsa wa filafilan ruwan daɗi lokaci-lokaci, su bushe kafin a rufe. Ku sa rigar duk ranar da kuka dawo, ko da gobe za ku sake fita. Kada ku bar filafili yana kaɗawa yana bugun kansa sa'ad da kuke tafiya da inji cikin iska, minti goma na wannan bugu ya fi yini guda na tafiya lahani. In kun san za ku yi wata biyu ba ku fita ba, kamar tsakiyar zafi ko lokacin aikin Hajji, ku sauke duka biyun ku kai gida, ku ajiye a ɗaki mai inuwa inda ɓera ba ya kaiwa.

Duk abin da na faɗa daga nesa na faɗe shi, hannuna bai taɓa yadinku ba, kuma aikina a kan Dacron da ƙananan jiragen shaƙatawa ya tsaya. In da niyyarku ita ce tsallaka teku zuwa Bur Sudan ko hawa arewa zuwa Masar, da na ce a ƙara nauyin yadi, a yi ɗinki layi uku, a ƙara layin ragewa na uku. Ga fitar Juma'a da Asabar, abin da zan yi in ni ne ku shi ne: wannan makon gwajin farce da allura, babban filafili a kai wa tela ya bi ɗinkinsa a yi masa sabuwar riga in yadin ya riƙe allura, na gaba kuma a yi odar sabo mai kashi 110 daga nesa. In kun sake fita, ka kwanta a ƙarƙashin sandar ƙasa ka ɗauki hoton babban filafilin daga ƙasa zuwa sama yana cike da iska, ka turo mini tare da awon nan huɗu, zan gaya maka ko cikinsa zai kai ku baɗi.